Harbin Talotalo

Jafaru Sanda ya shigo taron ƙungiyar ɗalibai da bindiga naɗe cikin tsohon bargo, ya shimfiɗe ta a kan teburin Alhaji Abdulmumini, tsakanin kwanon tuwo da na miyar kuka. Waɗanda ke kusa suka ja kujerunsu baya. Hajiya Hadijatu, matar gidan, sai da ta fara ɗauke miyarta tukuna, sannan ta tambayi ko mene ne wannan.

Bindigar iska ce, in ji Jafaru, ƙirar Jamus, kuma ta girmi kowa a ɗakin in ban da Alhaji. Ba ta cin albarushi. Sifirin ne a cikinta. Ana karya ta a tsakiya kamar gwiwa a ɗana shi, in an taɓa kunama ya tunkuɗo iska, iskar ta fitar da 'yar ƙwayar darma. A kasuwar 'yan gwanjo ya tsinto ta, wadda ke ci a wani fili gefen titin Wendover, har da madubin hangenta ɗaure a bisa. Mai ita ya ce ta daɗe da mutuwa. Jafaru kuwa yana faɗar haka idanunsa na ƙyalli, kai ka ce amarya ya kawo musu.

Wannan a kakar shekarar 1979 ne. 'Yan Arewa da ke karatu a garin Greensboro na Amurka ba su da yawa, kuma duk wata sukan hallara a gidan Alhaji da ke gabashin gari, kusa da jami'a. Shi ne shugaba, don shi ne babba, shi ke neman digirin digirgir, kuma a gidansa kaɗai ake tuƙa tuwo. Taron nan bai taɓa sauya kama ba. A ci, a yi ƙorafin sanyi, a yi ƙorafin jinkirin sikolashif, a ce Allah ya kyauta, a watse.

Abin da ya hana Jafaru sakat shi ne garejin gidan. Gareji ne babba mai wuta da siminti, amma an cika shi da kwalaye har rufi: firji, talabijin, fanka, rediyo mai kaset, duk kayan da 'yan ƙungiya suka saya suna jiran ranar komawa gida. Watanni ke nan yana roƙon a tura kwalayen gefe a ba shi wurin kafa benci, duk Asabar a taru a kwance wani abu a mayar. Rabin ɗakin nan injiniyoyi ne, in ji shi, amma babu wanda ya taɓa sauya fulogin motarsa da hannunsa. Za su koma gida da takarda da kwalaye, fankar ta tsaya a jefar, a jira wata daga Turai. Taraktoci na nan a gida suna ruɓewa a rana saboda noti ɗaya, masu digiri na wucewa ta gabansu da mota kullum safiya. Duk sanda ya kawo wannan magana, Alhaji yakan ce magana ce mai kyau, za a duba bayan jarrabawa. Jarrabawa kuwa ba ta ƙarewa.

Ran nan Alhaji ya goge hannu, ya ɗauki bindigar ya karya ta, ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya saita bango ya ja kunama. Wata 'yar iska ta fito, fus, ko labule bai motsa ba. Ɗaki ya kaure da dariya. Alhaji Bakano ne, Jafaru Bazazzagi, ga shi kuma ɗan gidan maƙera, don haka Alhaji bai raga masa ba. Ya ce ai dole, a ɗauko Bazazzagi a sa shi a jirgi a ƙetare teku da shi, ya rasa abin saye a duk faɗin Amurka sai tsatsa.

"Ɗan maƙera," ya ce, "ranar da gawar nan ta kawo nama tukunyar Hajiya, naman da ni zan iya ci, ka zo ka karɓi mabuɗin gareji. In kuwa shekarar nan ta ƙare ba nama, kada mu ƙara jin kalmar gareji a bakinka."

Kowa ya san nauyin sharaɗin. Alhaji ba ya cin naman kanti, sai wanda ya ga an yanka, shi ya sa gidansa ya fi sanin kifi da ƙwai. Ubale Bello, abokin Jafaru mai karatun aikin gona, ya taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Jafaru bai ko dube shi ba.

"Na karɓa, Alhaji. Hajiya, ke ce shaida."

A ɗakin hayarsa ya fara aiki, a ƙasa, kan shimfiɗar jarida. Sifirin ɗin bindiga irin wannan a danne yake ko ba a ɗana ba, in aka kwance baya da garaje sai ya yi tsalle ya fasa wa mutum fuska. Jafaru ya aro jak ɗin motar Ubale, ya tokare shi da ƙarfen gado, ya riƙa sassautawa a hankali har sifirin ya miƙe. Da ya zaro kayan ciki ya jera su, sai murna ta kama shi har ya kasa zama. Babu abin da ya karye. Tsohon maiko ne ya daskare kamar ƙaro, sai kuma fatar da ke kan fistan, wadda ke tare iska, ta bushe ta farfashe. Mutuwar ke nan gaba ɗaya. 'Yar fatar da ba ta kai tafin jinjiri ba, saboda ita aka yar da aikin da wani maƙeri a Jamus ya zauna ya yi da hankalinsa.

Ya zaga kantunan gari, duk aka ce ba a kawo irinta. Ya dawo ya tsaya yana kallon takalminsa na fata da mahaifiyarsa ta sa masa a akwati, ɗinkin dukawan Zariya, ƙasansa kirgi mai kauri. Ya ɗauki reza. Kafin la'asar ƙafar dama ta zama marainiya.

Fata na son mai kafin ta yi laushi. A gidansu, in fatar zuga-zugi ta bushe, man gyaɗa ake shafa mata, don haka bai yi wani dogon tunani ba. Ya jiƙa ta a man gyaɗa har ta ƙoshi, ya ƙara zuba wani a cikin bututun bindigar don alheri, ya haɗa komai. Ubale ya kai shi wata hanyar ƙasa a bayan gari inda ba gidaje, suka kafa gwangwani a kan kututture. Jafaru ya ɗana, ya ja kunama. Bindigar ta yi tsawa kamar ta mafarauta, hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka watse daga itatuwa. Ubale, wanda ya riga ya kai bayan mota, ya leƙo ya shaƙi iska ya ce shi dai ƙanshin ƙosai yake ji.

Jafaru ya tsaya baki buɗe, sannan ya fashe da dariya yana dukan cinya. Iskar da aka matsa da ƙarfi zafi take yi, ta kunna man, daidai yadda injin dizal ke aiki. A aji ya karanta wannan, ya ci jarrabawa a kansa, amma bai gane shi ba sai da ya tashi a hannunsa. Abin da yake ta faɗa wa 'yan ƙungiya ke nan, ya ce wa Ubale, ga shi ya faru a kansa. Ubale ya ce to ya taya shi murna, amma a mayar masa da jak ɗinsa.

Ya sake kwancewa, ya wanke, ya yanki sabuwar fata daga ƙafar dama, ya shafa mata ɗan man da masu dawaki ke shafa wa sirdi, kaɗan kawai. Wannan karon bindigar ta ce tak, gwangwani ya yi tsalle. Daga nan madubin ya fara nasa halin. Duk harbi sai ya ja baya kaɗan, don sifirin na girgiza bindigar gaba da baya, saiti ya lalace. Jafaru ya goge ƙusa da magagari ya yi mata mazauni a bayan madubin ta tokare shi. Har yanzu darma na warwatsuwa. Ya ƙara damƙe bindigar, abin ya ƙara muni. Sai wata rana da hannunsa ya gaji, ya ɗora ta kawai a kan buɗaɗɗen tafinsa ya harba, ya sake, ya kuma sakewa, ramukan suka haɗu wuri guda kamar an huda da tsinke. Ashe so take a bar ta ta yi motsinta. Ya dawo gida yana waƙa a mota har Ubale ya ƙaro rediyo.

Bindiga ta tashi, saura nama, kuma nan ne ya gane wayon Bakano. A cikin gari ba a harbi. Kuregun unguwar Irving Park sun yi ƙiba har ba sa gudu, amma baƙon ɗalibi baƙar fata da bindiga a unguwar masu kuɗi, Ubale ya ce gara ya sayi tikitin Kano da kansa kafin a saya masa. Daji kuma duk na masu shi ne, da waya da alluna. Ganye ya zube, sanyi ya sauka, watan Nuwamba ya yi nisa. Alhaji in ya gamu da shi a jami'a sai ya tambayi lafiyar marigayiya.

Suna dawowa daga wajen gwaji wata ranar Laraba Jafaru ya sa Ubale ya taka birki. Allo ne a bakin hanya, an rubuta da jan fenti cewa 'yan kwana-kwanan sa kai na wani ƙauye za su yi harbin talotalo ranar Asabar, kowa ya zo da bindigarsa, har da zagaye na masu bindigar iska. Jafaru ya karanta ya sake karantawa. Talotalo, tsuntsu mai girman ɗan akuya, ga izini, ga fili. Matsala ɗaya ce, in ji Ubale, dole a kai gare shi da wuƙa kafin rai ya fita. Jafaru ya ce a fiffike zai same shi, sauran aikin na mai gudu ne.

Alhaji ya ce da shi za a je, don bai yarda da yankan Bazazzagi ba, kuma ba zai so a ba shi labarin wannan abin kallo ba. Ya wasa wuƙarsa ya naɗe a tsumma, ya ɗora babbar riga a kan suwaita. Hajiya ta ba su daro da buhu da butar ruwa, ta ce ita dai ta jiƙa shinkafa, kada su dawo mata da labari.

Filin na bayan tashar kwana-kwana, cike da motocin a-kori-kura. Manoma ne, galibi farare, da 'yan baƙaƙe kaɗan, kowa da doguwar bindiga a hammata da kofin gahawa a hannu. Suka bi baƙin da kallo, musamman mai babbar riga da mai rungume da daro. Can ƙarshen fili an kafa turaku, kowanne da 'yar farar takarda. Daga bayan wani shinge kuma wani kuka ke tashi mai kama da ana goga ƙarfe, har Ubale ya tsaya ya ce in ba kunnensa ke masa gizo ba, zabi ne waɗannan. Jafaru bai saurare shi ba, talotalo yake nema.

Ubale ya je ya tambayi mai rubuta sunaye inda aka tsare tsuntsayen. Mutumin ya dube shi, ya dubi daron, ya kai shi bayan wata mota ya buɗe akwatin ƙanƙara. Ga su nan a jere cikin leda, ba kai ba ƙafa, sun daskare kamar duwatsu. Takarda ake harbi, in ji shi. Wanda ya fi kusa da tsakiyar alamar shi ke tafiya da tsuntsu. Tun zamanin kakansa aka daina harbin mai rai.

Alhaji ya nemi wuri ya jingina don dariya ta hana shi tsayuwa. Ya ce a tambayar masa mutumin ko wanda ya yanka waɗannan ya fuskanci alƙibla. Ya ce shi kam ya gode wa Allah da ya nuna masa ranar da 'yan jami'a biyu suka kawo daro wajen harbin takarda.

Jafaru ya dubi akwatin ƙanƙarar. Ko ya ci, naman nan mushe ne a wurin Alhaji, gareji ya tafi. Ubale ya raɗa masa su lallaɓa su bar wurin tun mutane ba su gane ba. Jafaru ya ce bai yanka takalmin da uwarsa ta ba shi don ya koma da bindiga a bargo ba. Ya je ya ba da sunansa.

Zagayen masu bindigar iska shi ne na ƙarshe, harbi ɗaya ga kowane mutum. A gefensa wani dattijo ne baƙar fata mai suna Mista Alston, da wata bindiga da ta sha hannu har ƙotarta na sheƙi. Dattijon ya harba ba tare da wani shiri ba, masu kallo suka yi gunagunin yabo. Jafaru ya karya tasa ya ɗana, ya sa darma, ya kai ido ga madubi. Alamar na rawa. Yana jin dariyar Alhaji a bayansa, sai ya lura ya damƙe bindigar kamar zai shaƙe ta. Ya sauke, ya ja numfashi, ya buɗe tafin hagunsa ya ɗora ta a kai. Ya yi bisimilla. Tak.

Aka kwaso takardun aka baje a kan bonet. Biyu aka ware, aka kawo ma'auni, kawuna suka haɗu. Mai rubuta sunaye ya ɗago ya yi ta fama da sunan, daga ƙarshe ya ce mutumin da ya zo da daro. Fili ya ɗauki tafi da fito. Ubale ya jefar da buhu ya rungume shi, har Alhaji sai da bakinsa ya suɓuce ya ce kai, yaron nan.

Sai mai rubuta sunayen ya dawo yana ba da haƙuri. Talotalo sun ƙare a zagayen manyan bindigogi, amma ya yi sa'a, abin da ya rage ya fi tsada. Ya miƙo wata ƙatuwar cinyar alade cikin raga.

Alhaji ya zauna a kan daron.

Jafaru ya mayar da hannuwansa baya. Ya gaya wa mutumin cewa ya gode, amma addininsa bai bar shi ya ci wannan ko ya taɓa ba, a ba wanda ya zo na biyu. Mista Alston ya karɓi cinyar yana juya ta, yana kallon baƙon da mamaki. Kukan nan ya sake tashi daga bayan shinge, wannan karon kuwa Jafaru ya ji shi sarai. Ya tambayi dattijon ko ya san mai tsuntsayen can. Dattijon ya ce nasa ne, yana ajiye su don suna cinye masa kaska, amma sun yi yawa, sun hana matarsa barcin rana.

Jafaru bai yi kwana-kwana ba. Ya nuna masa daro, ya sa Alhaji ya fito da wuƙa, ya ba shi labarin gareji da kwalaye da takalmi da man gyaɗa, Turancinsa na tuntuɓe saboda sauri. Dattijon ya yi dariya har ya cire hula ya share ido. Ya karɓi bindigar ya ɗana ya saurari sifirin, ya ce a biyo shi.

Sun sha gudu a gonar nan kafin su kama uku, Alhaji na tsaye yana ba da umarni, babbar riga a naɗe a kafaɗa. Da aka kawo masa su, sai ya tsaya ya ce akwai magana. Musayar alade da zabi ciniki ne, cinikin alade kuwa haram.

"Ban karɓa ba, Alhaji, ban taɓa ba, ban sayar ba," in ji Jafaru. "Shi aka ba nasa. Waɗannan kyauta ce."

Alhaji ya dubi zabin. Rabonsa da naman zabo tun yana gida. Ya tambayi Ubale ina gabas take.

Da la'asar gidan ya cika, don labari ya riga su isowa, har waɗanda ba su taɓa zuwa taro a kan lokaci ba sun zo. Ƙanshin farfesu ya kai titi. Alhaji na riƙe da cinyar zabo ya buɗe sabuwar shari'a, ya ce a duba da kyau, bindigar nan takarda ta huda, ba ta taɓa ko gashin tsuntsu ba. Jafaru ya miƙe zai fara jawabi, Hajiya ta riga shi daga ƙofar kicin.

"Cewa ka yi ta kawo, Alhaji, ba ka ce ta kashe ba. Ni aka sa shaida." Ta zaro mabuɗin daga ƙusar da ke bayan ƙofa ta ajiye a gaban Jafaru. "Injin markaɗena na ciki, cikin kwalin da ke kusa da taga. Tun bara aka ce za a duba."

Jafaru bai ƙarasa abincinsa ba. Ya ɗauki mabuɗin ya fita, ba a jima ba aka ji ƙofar gareji ta yi sama da ƙara, sannan aka ji jan kwali a kan siminti. Wani ya ce a bari mana a gama cin abinci. Muryar Jafaru ta shigo ta taga, yana kiran injiniyoyin da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa firjin nan ba zai ɗaga kansa ba.